Kafin Kurar Gida Ta Ci Sandarta

In mutanen garinmu suka tambaye ni aikin da nake yi a ƙasar Turawa, nakan ce gadin rulma nake yi, sai su bushe da dariya, su ɗauka ba'a nake. Wallahi gaskiyata ke nan. Rulma, wadda mutanen Kano ke ce wa boris, ita ce zoben ƙarfen nan mai ƴan ƙwallaye a ciki, irin wadda ke cikin ƙafar babur. Tamu ba ta kai faɗin bakin kofin shayi ba. Ana sa ta cikin na'urar tauraron ɗan'adam mai kallon gajimare, ita ke juya madubin da ke leƙo ƙasa. In an harba tauraro shi ke nan, babu makanikin da zai hau ya ɗiga mata mai. Saboda haka tun kafin a harba sai a ƙera mata ƴar'uwa, a rufe ta cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, a bar ta tana juyawa shekara da shekaru, a ga ranar da za ta gaji. Ni ne mai zama kusa da tukunyar. Duk karatun da na yi, daga lakwal, firamaren garinmu, zuwa Tanout, zuwa Damagaram, zuwa Yamai, a nan ya sauke ni.

Abin da ban cika faɗa musu ba shi ne, aikin Baba na gada, farar riga kawai na ƙara a kai.

Garinmu yana arewa da Belbeji, kuma rijiyarmu irin ta Damargu ce, wadda in ka leƙa ba ka ganin ruwa sai wani ɗan haske can ƙasa. Ba a jan gugarta da hannu. Ana kafa gwafa a bakin rijiya, a gitta sanda, a zura kura a jikin sandar, wato ƙafar icen nan mai kwari a tsakiya wadda igiya ke bi ta kai. Sai a ɗaura igiyar a jikin takarkari ko raƙumi, a kora shi ya yi nisa, wasaki, babbar gugar fata, ya taso cike da ruwa. Baba masassaƙi ne, yana yin turmi da akushi in an matsa masa, amma kura ce sana'arsa. Daga kasuwar Belbeji har rijiyoyin Tenhya, Buzaye da Fulani sun san kurarsa da ƴan tsagu uku da yake yi mata a gefe.

Wanda bai taɓa tsayawa bakin rijiya cikin bazara ba ba zai gane nauyin wannan ɗan ice ba. Shanu ɗari na tsaye sun kwana biyu ba su sha ba, layi na jira, kowa ya san lokacinsa. In sanda ta karye wasaki na tsakiyar hanya, igiya ta zube, wasaki ya koma ƙasa da ruwansa, wani lokaci ya tafi da yatsun mai tarba. Masassaƙi mafi kusa yana tafiyar kwana uku. Dabbar da ta riga ta galabaita ba ta da kwana ukun.

Don haka Baba yake da wata al'ada da sauran masassaƙa ke yi masa dariya a kai. Duk gungumen aduwar da ya sara, komai yawan kurar da ta fito daga ciki, ɗaya ba ta sayarwa ba ce. Ita ce kurar gida. Yakan rataye ta a rijiyarmu, a gwafar gabas wadda ba ta hutawa, wata guda kafin ya kai ƴan'uwanta kasuwa. Ice ɗaya, sanda iri ɗaya, man shanu kuma daidai abin da makiyayi ke iya shafawa, ɗan yatsa ɗaya duk kwana bakwai. Ta gida tana gaba da na daji a aiki, saboda haka ita ke fara tsufa. Kullum da safe sai ya je ya tsaya, ya karkata kai, ya saurara. Ranar da kukanta ya sake, daga siririn nan mai daɗi ya koma mai kaushi, sai ya sassaƙa sababbin sanduna, ya ba masu zuwa kasuwa su kai wa duk wanda ya sayi kura daga wannan gungume. Saƙon kullum ɗaya ne: “Ƴar'uwar taka ta fara kuka, ka sake sanda.”

Na tuna wani dattijon Buzu da ya zo tun daga wajen Tenhya da cuku a ƙunshe. Ya sauke rawani daga baki kaɗan, ya ce saƙo ya iske shi, ya zare sandarsa don ya ƙaryata Baba, sai ya tarar saura kaurin ɗan yatsa ta tsinke. Ya tambayi Baba ko yana da aljanu. Baba ya ce yana da su, suna rataye a gwafar gabas, kowa na iya zuwa ya gaishe su.

Sau ɗaya na ga Baba ya yi fushin da ya hana shi cin tuwo. Yayana, wanda ke bi masa sana'a, yana saurayi lokacin, ya ji tausayin wata kurar gida da ta fara kaushi, sai ya riƙa labta mata man shanu a ɓoye, har yana kora masu manyan wasakai zuwa wata gwafa. Kura ta yi shiru, ta yi kyau. Baba ya saurara kwana biyu, a na uku ya zare sanda, ya ga maiƙo na ɗiga.

“Wa ya yi wannan?”

Yaya ya ce shi ne, ai taimakonta ya yi, don ta daɗe.

“Ka taimake ta ta yi mini ƙarya,” in ji Baba. “Ita ta huta a nan, ta can daji wa ya hutar da ita? Ta gida ba a jin tausayinta. In ka ji tausayinta, ka kashe wa wani shanu.”

Ya sauke kurar ya jefa cikin murhun Inna, ya aika wa mutum huɗu sababbin sanduna tun lokaci bai yi ba. Yaya bai manta wannan rana ba, ni ma haka.

Da na samu bursu, tallafin tafiya karatu waje, shekara uku aka ce. Kwana kaɗan kafin in tashi, Baba ya sari wani guntun gungume wanda kura biyu kawai ya bayar. Ya rataye ɗaya a gwafar gabas, ɗayar ya miƙo mini da sandarta. Na ce, Baba, ai can famfo ne da su. Ya ce ko'ina akwai rijiya, mutanen ne dai ba sa nuna ta. Yaya yana gefe yana dariya, ya ce a bar ni in kai wa Nasara, su ma su ga ci gaba.

Sannan Baba ya daina wasa. Ya ce kurarsa rani uku take yi kafin ta ci sandarta, ba ta taɓa kai huɗu ba.

“Kafin ta gida ta ci sandarta, ka dawo in gan ka.”

Na ce in sha Allahu, Baba, na yi alkawari. A gaban Inna da Yaya da maƙwabta biyu na faɗa, da ƙarfi kuma, don lokacin ina da bakin faɗa.

Shekara uku ta cika, karatu ya ƙare. Kafin in ɗaure kaya sai malamina ya haɗa ni da wani ɗakin gwaji da ke neman mai lura da rulma. Ranar farko shugabar ɗakin, wata dattijuwa mai furfura wadda ba ta ɓata magana, ta kai ni gaban tukunyar ta fara bayani. Ta ce man da muka sani ba ya zama a sama, in babu iska tururi yake yi ya gudu, ya je ya dushe madubi. Nasu na musamman ne, kuma abin da ake sa wa rulma bai kai ɗigon hawaye ba, da shi za ta rayu har ta mutu. Ta ce wannan da ke ciki ƴar'uwar wadda za a harba ce, ƙarfe ɗaya, mai ɗaya, za a riƙa gasa ta ana sanyaya ta kamar yadda rana da inuwa za su yi wa ta sama, kuma dole ta kasance tana gaba da ta sama a yawan juyi. Na ce mata na san wannan aikin, mahaifina ke yin sa. Ta tambaye ni a wane kamfani. Na ce a gwafar gabas.

Na tambaye ta shekara nawa gwajin zai ɗauka. Ta ce shida, in an yi sa'a. Na ce me zai hana a ƙara mata gudu, a yi aikin shekara shida cikin wata shida? Ta ce duk sabon zuwa wannan tambayar yake yi. In rulma ta yi gudu, mai yakan taru ya ɗaga ƙwallayen, su daina taɓa zoben, sai ta fito fes kamar ba ta yi aiki ba, alhali ta sama a hankali take tafiya, ƙarfe na gugar ƙarfe. Gwajin da aka yi wa sauri ƙarya yake faɗa. Na ce a garinmu mu ma muna cewa sauri ya haifi nawa. Na karɓi aikin a ranar, na ce wa kaina in abubuwa suka daidaita zan ɗauki kwanje, wato hutu, in je gida.

A garinmu babu rezon waya sai an hau tudun da ke bayan makabarta. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya yakan kai Baba can, in kira. Mu gaisa, ya tambayi sanyi, in tambayi gero da Inna. Da na gaya masa za a harba ƴar'uwar rulmata sama, ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, in gaya musu kada ta faɗo kan rumbunsa. A ƙarshen kowace magana, da yake ina jin nauyin alkawarina, sai in ce, “Baba, yaya kurar?” Shi kuma ya ce, “Tana nan, tana juyawa.” In ajiye wayar salula hankalina kwance.

Shekara ta huɗu na ce takarduna ne ba su fito ba, kuma gaskiya ne. Ta biyar na ce ba a samu wanda zai riƙe mini tukunya ba, wannan rabin gaskiya ne. Daga nan kuma sai dalilai suka riƙa zuwa da kansu, ban ma nema ba. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ni gida bai bar ni ba, ni ne na saba da kewarsa har ta zama mini abokiyar zama. Kurata tana kan kanta a ɗakina, ba ta taɓa ganin igiya ba. Baƙi sukan ɗauka kayan ado ne.

Abin da ya fi damuna a ɗakin gwaji shi ne shiru. Inda babu iska babu ƙara. Rulma na juyawa a gabanka, ba ka jin komai sai gurnanin injin da ke zuƙe iska. Lafiyarta a allo muke gani, wani siririn layi mai nuna ƙarfin da ake bukata kafin ta juya. In layin ya kwanta lafiya lau, in ya fara tsalle akwai magana. Wata rana da babu kowa na manna kunnena a jikin tukunyar, ƙarfe mai sanyi, na daɗe a haka. Kukan rijiyarmu nake nema, kura shida kowace da muryarta, da ihun masu kora takarkari, da ƙarar ruwa in an juye shi a kwami. Ba ruwan kunnena da tauraro, gida yake so. Na koma kujerata na zauna, ranar ban iya cin abincin rana ba.

A shekara ta biyar ta gwajin, layin ya fara ƴan tsalle-tsalle. Lokacin an riga an harba ta sama, manya kuma na shirin zuwa duba aiki. Wani daga cikin masu kula da shirin ya kawo shawara cikin ladabi, a ɗan rage wa rulmar zafi na wata biyu, layin ya kwanta, in baƙi sun tafi a mayar. Kafin shugabarmu ta buɗe baki na riga ta. Na ce in muka hutar da wannan, wa zai hutar da ta sama? Na ce ta gida ba a jin tausayinta. Da Faransanci na faɗa, amma muryar Baba ce ta fito, har da karkata kan. Aka bar gwaji yadda yake, aka aika wa masu tuƙa tauraron saƙo su lura.

Juma'ar nan na kira ina ta zumuɗi, na kwashe labarin duka na gaya wa Baba, har da yadda na maimaita maganarsa. Na jira ya yi dariya, ko ya sa mini albarka. Can ya ce, “To. Haka ne.” Sai ya miƙa wa Yaya salula. Na ɗauka gajiya ce ta hawan tudu.

Gwaji ya kai ƙarshensa shekara tara da barina gida. Muka buɗe tukunya, muka kwance rulmar ƙwallo ɗaya bayan ɗaya, na sa zoben ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ga hanyar da ƙwallaye suka bi ta yi ɗan kwari, ga man ya dafe ya koma ruwan ƙasa a gefe. Ƙarfe mafi tauri da ɗan'adam ya iya ƙerawa, a ɗakin da ko numfashi ba a yarda ya taɓa shi ba, shekara shida ta bar masa tabo. Ina cikin rubuta abin da na gani sai hannuna ya tsaya. Icen aduwa, da man shanu, da rairayin Damargu, a gwafar gabas, shekara tara? Ni da ake kira daga wasu ƙasashe a tambaye ni kwanan ƙarfe, shekara shida ana gaya mini abin da ba zai yiwu ba, ina cewa madalla. Ban gane ba ne don ba na son in gane. A makon nan na nemi kwanje.

Jirgi zuwa Yamai, mota zuwa Damagaram, wata motar zuwa Belbeji ranar kasuwa. Yaya ya zo ɗaukata da babur. Na bar shi da baƙin gemu, na same shi da fari. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ikon Allah, mai gadi ya samu hutu.” A hanya muka bi ta rijiya. Gwafa shida na nan, amma biyar kurar ƙarfe ce a kansu, irin wadda maƙera ke haɗawa da tsohuwar rulmar babur. Ta shida, gwafar gabas, ita ma ta ƙarfe ce. Na ce masa ina ta Baba? Ya ce in bari in sha ruwa tukuna.

Baba yana zaune a zaure kan buzu. Ya ƙanƙance, idonsa ya yi hazo, kuma sai an ɗaga murya yake ji, shi da ke gane kukan kura tun daga ƙofar gida. Na durƙusa, ya lalubo kaina, ya shafa har ƙeya, ya ce na yi ƙiba, Nasara ba su da rowa. Inna ta fito tana kuka tana faɗa, duka a haɗe. Sai da aka natsa na ɗaga kai, na ga kurar gida. Tana rataye a kusurwar zaure, kan wata ƴar gwafa da aka kafa don ita, da tsagunta uku a gefe, babu igiya a kanta.

Da la'asar, Baba ya shiga alwala, Yaya ya ja ni waje.

“A rani na uku ta fara kaushi,” in ji shi. “Ya saurara kwana biyu, ya sauko da ita da hannunshi. Na ce mishi, Baba, ba kai ka ƙone tawa ba? Ya wuce da ita zaure. Tun ran nan, kullum ya dawo daga sallar asuba sai ya juya ta sau ɗaya da hannu, don in ka tambaya ran Juma'a kada ya yi maka ƙarya.”

Ya gyara tsinken da ke bakinsa, ya ci gaba.

“Mutane suna tambayar shi, ina ɗanka da ya ce rani uku? Sai ya ce kura ba ta ci sandarta ba tukuna, yaro yana cikin wa'adinshi. Kowa ya san tana zaure. Ba wanda ya taɓa faɗa mishi.” Yaya ya tofar da tsinken da ke bakinsa. “Ni na sha faɗa kan ludayin man shanu. Kai an ba ka shekara shida kyauta. Ɗan auta dai ɗan auta ne.”

Ba'a yake yi, amma muryarsa ta karye a ƙarshe. Na shiga zaure na zare sandar, na bi ta da yatsa kamar yadda nake bin zoben ƙarfe. Cin rani uku ne, saura kaɗan. Mutumin da sunansa duka a kan gaskiyar kurar gida ya tsaya, ya lalata gwajinsa da hannunsa don kada a kira ɗansa mai saɓa alkawari. Na tuna Juma'ar da na yi masa wa'azi da maganarsa, ya ce haka ne. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na zauna a kan buzunsa na yi kuka.

Washegari da safe Baba ya ce a ɗauko kurar. Muka tafi rijiya, Yaya riƙe da hannunsa, ni riƙe da kura. Aka sauke ta ƙarfen daga gwafar gabas. Ya ce a shafa man shanu ɗan yatsa ɗaya, kada a ƙara, kuma a kawo babban wasaki. Wani Bafulatani ya kora takarkarinsa, igiya ta miƙe, kura ta yi kuka. Shekara shida ina neman wannan ƙarar a jikin tukunya. Tana da kaushi, ko ni na ji. Baba bai ji ba. Ya matsa ya dafa gwafar da tafin hannu, ya karkata kai yadda ya saba, ya tsaya a haka har wasaki ya iso baki.

“Ta kusa,” in ji shi.

Kullum da safe muna zuwa, mu zauna a inuwar aduwa har rana ta yi zafi. Ba mu yi maganar zaure ba, ni ban tayar ba, shi ma haka. Ya tambaye ni yadda ake gane lafiyar rulma in ba a jin kukanta, na kwatanta masa layin allo. Ya ce aikin kurame ke nan, yanzu shi ma ya cancanta a ɗauke shi. Ya tambaya ko ta sama tana nan. Na ce tana nan, tana juyawa.

A rana ta goma sha biyu ya dafa gwafa, ya ce a tsayar da takarkari. Yaya ya zare sanda, ya ɗan lanƙwasa ta a gwiwa, ta rabu biyu. Mutane sun taru, masu ban ruwa da matan da suka zo da jarka. Baba ya karɓi guntayen, ya ɗaga su sama yadda kowa zai gani, ya ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa.

“Rani uku cif! Ga ta ta ci sandarta, ga shi kuma a tsaye. Wa ya ce bai cika alkawari ba?”

Ba wanda ya yi dariya. Wani tsoho ya ce, “Ya cika, Malam.” Sauran suka amsa.

Kwanjena mako uku ne. Kwanakin da suka rage Baba ya yi su a zaure da gizago da wani guntun ice, yana sassaƙa da lalube, Inna na yi masa faɗa kada ya sare yatsa. Safiyar da zan tafi, babur na jira a ƙofa, ya miƙo mini abin da ya sassaƙa. Sanda ce, ta ɗan karkace, wani gefen ya fi wani kauri.

“Ƴar'uwar taka ta gama,” ya ce. “Ka sake sanda. Haka nake yi wa kowa.”

Na karɓa da hannu biyu. Na ce, Baba, wannan karon rani nawa? Na yi niyyar duk abin da ya faɗa in rage ɗaya.

Ya girgiza kai. “Ban sa maka wa'adi ba. Wannan ban gwada ta ba, ba ni da rani ukun da zan gwada ta. Ka tahi, Allah ya kiyaye hanya.”

A duk rayuwarsa, ita ce sanda ta farko da ya ba mutum ba tare da ya ajiye ta gida ba. Na dawo da kaka, na same shi, muka ci sabon gero tare. Na yi shirin dawowa da bazara, Yaya ya riga ni da kiran rasuwar Baba, ranar Talata, ba Juma'a ba.

Yanzu sabon gwaji muke yi, an ce wannan zai kai shekara takwas. Na zare tsohuwar sandar kurata wadda ba ta taɓa aiki ba, na zura karkatacciyar. Ba ta zauna daidai ba, in ta juya tana ɗan cijewa, tana ƙara. Kowace safiya kafin in fita nakan juya ta sau ɗaya da hannu, in tsaya in saurara har ta tsaya.